Yinin Asabar a cikin HMS Cavalier

Yau babu aiki, sai na hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Chatham, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwan yaƙi ta Ingila da aka rufe a 1984. HMS Cavalier na je gani, wani tsohon jirgin ruwan yaƙi da aka ajiye a can don 'yan kallo. Irin jiragen nan ne masu gudun tsiya, da ake sa su raka manyan jirage don kare su daga na ƙarƙashin ruwa.

A garin Cowes da ke kudancin Ingila aka ƙera shi, ya fara aiki ƙarshen 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairun 1945 yana cikin masu rakiyar ayarin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Birtaniya da Rasha ta tekun ƙanƙara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin tsayuwar kyaftin: ba rufi, a fili yake fetal. Ina hawa iska ta fara yankar kunnena, alhali jirgin a tsaye yake, ba a teku ba. Ni da hunturun Kano ke sa ni kwana da safa! Su kuwa ma'aikatan jirgin a nan suke raba dare suna gadi, igiyar ruwa na watsa musu ruwan ƙanƙara a fuska. Can ƙasa kuma, inda ake cin abinci nan ake kwana.

Na tarar da wani dattijo cikin masu aikin sa-kai yana goge ƙarafa. Na ce, "Baba, sannu da aiki," da Turanci dai, shi ke nan hira ta ɓarke. Bai ko taɓo yaƙi ba, tseren 1971 ne a bakinsa, lokacin da Cavalier ya kara da HMS Rapid, aka yi gudun sama da mil 60, ya tsere masa da kusan yadi 30 kacal.

A 1972 aka yi wa jirgin ritaya, sai yawo gari-gari a Ingila: Southampton, Brighton, Hebburn, yana ta tsatsa. Tsofaffin ma'aikatansa, ta ƙungiyarsu HMS Cavalier Association, su suka yi ta matsa lamba har aka kawo shi nan a 1999. A ganina da ba don nacinsu ba, da tuni 'yan gwangwan sun yi awon gaba da shi.

Gefensa akwai allon tunawa na tagulla da Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, ya buɗe a 2007, na jirage 142 irinsa da Birtaniya ta rasa a Yaƙin Duniya na Biyu, da mutum sama da 11,000 da suka mutu a cikinsu. Can na daɗe, har sai da na yi gudu kafin in samu jirgin komawa.