Watan Maris ya kama

Watan Maris ya kama, kun san ba a cika ganina ba. A watan nan ne jami'o'i 68 ke shiga gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wanda aka ci sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Shi ya sa na fi son ta a kan NBA, gasar ƙwararru. In an fitar da yaran nan, sai ka ga saurayi ya rufe fuska da riga yana kuka.

Tun 1983 na kamu, ina sabon zuwa birnin Houston, Hakeem Olajuwon ɗan Legas yana buga wa jami'ar garin. A wasan ƙarshe jami'ar NC State ta ci mu 54 da 52, Lorenzo Charles ya zura a daƙiƙar ƙarshe. Duk da haka Hakeem aka ba gwarzon gasar. Har yau in na tuna daren nan ƙirjina nauyi yake yi.

Jiya jikana ya kawo min ɗan jirgi maras matuƙi, DJI Mini. Giram 249 ne, bai kai nauyin da doka ta ce sai an yi rajista ba. Muka fita fili. Ya ce, "Kaka, a hankali da babban yatsa." Ina taɓawa farfela huɗu suka ɗauki ƙugi kamar zuma, ya tashi ya tsaya cak a iska. A wayar da ke haɗe da jirgin na hango rufin gidanmu, da kwandon da na kafa wa babansa a bakin gareji, ragar duk ta yage. Gobe in Allah ya kai mu zan sa sabuwa.