Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Kangon Natchez

Na tsaya muku a inda Baffa ya ce min a waya, "kai da ko bulo ɗaya ba ka aza a Zariya ba, ka je ka sayi kangon masu bayi." Allah ya jiƙansa, amma wallahi har yau maganar nan na ci min rai, kuma a gaban Yaya Sani ya faɗa, wanda shi har gobe gidan haya yake.

Gidan a Natchez yake, jihar Mississippi, an gina shi tun kafin yaƙin basasar Amurka na 1861, lokacin da kuɗin auduga ya yi wa garin yawa. Mun tarar gara ta ci rabin katakon daɓe, rufi na yoyo, fentin kuma irin na da ne mai dalma, sai da Maman Hanifa ta kwashe yara suka bar gidan kafin a kankare. Ɗan kwangilar da na fara ɗauka so yake ya farfasa tsohuwar filastar da aka kwaɓa da gashin dabba ya manna allon zamani, ya kuma rushe ɗan ginin da ke baya wai ba shi da amfani. To nan ne fa kicin, a samansa bayin gidan ke kwana, kuma jikin bulon akwai shatin yatsun waɗanda suka buga shi tun yana ɗanye, wasu ƙanana kamar na yaro. Ranar na sallame shi.

Daga nan na zama ɗan gida a kotun gundumar Adams wajen tono takardun ciniki. Ƙidayar bayi ta 1860 kuwa sunan ubangida kawai ta rubuta, a ƙasa sai shekaru, mace ko namiji, launin fata, shi ke nan, sunaye sai a ƙidayar 1870. A takardar rabon gado na fara ganin sunayensu, kowa da farashinsa, shafi ɗaya da alfadarai.

Kangon masu bayi, in ji Baffa. Shi da yake tinƙaho da Fulatanci bai san a kusa da garin nan Abdurrahman ɗan sarkin Futa Jalon ya yi shekara 40 yana bauta ba, sai 1828 ya samu kansa. Kuma mu ɗin fa? Rinjin kakanmu su waye suka nome shi? Sai 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewa, kuma duk gidanmu an san me ya sa Iya Tabawa ba ta zama kan tabarma in Hajiya Babba na zaune, amma ba mai faɗa. Na taɓa tambaya ina aji shida, mari na sha.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin zuwan Yaya Sani, da yadda ya nemi a ba shi ɗakin sama.