Imam ya aiko rubutu daga kabari

Har yau in na tuna ranar kare kundina sai gumi ya karyo mini. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe babi na biyu, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Malama, Abubakar Imam dai ya rasu a 1981. Wannan Ruwan Bagajan da kika sa wa shekara, daga kabari ya aiko miki da shi?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwafin da na saya a Sabon Gari sabon bugu ne. Shekarar da na fara gani a ciki ita na ɗauka, na bi kundin nan ina liƙa ta bayan sunan Imam har wuri goma sha bakwai. Na ƙirga da kaina daga baya, ina hawaye. Littafin da ya fito tun 1934, bayan gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a nan Zariya a 1933! Kuma wai ni 'yar garin ce, nakan wuce ta gaban maɗaba'ar Gaskiya a Keke Napep.

Abin haushin, tsarin APA da muke bi wajen nuna littattafan da aka ɗauko bayani daga cikinsu ya riga ya tanadi mafita. A cikin rubutu sai ka sa shekaru biyu, ta asali da ta bugun da ke hannunka, da karan tsaye (/) a tsakani. A jerin manazarta ka rubuta bayanin bugun da ka karanta, a ƙarshe ka nuna shekarar asali. Lambar shafi kuwa ta kwafinka ce, don shafuka kan sauya daga bugu zuwa bugu. Ni ina can ina fama da waƙafi da aya, ina goge "Zariya" daga gaban sunan maɗaba'a saboda bugu na 7 na APA ya daina neman sunan gari. Na kashe dare a kan sauro, giwa na tsaye a tsakar ɗaki.

Da na zauna gyara sai wata ta ɓullo. Littattafai uku da na yi wa fotokwafi a Samaru, babukan da nake so kawai na sa aka ɗaukar mini, don tsimin kuɗi. Babu bango, babu shafin nan na bayan take mai ɗauke da shekara da maɗaba'a. Biyu na same su a laburare. Na ukun wani ya ara, sai da na yi mako biyu ina zarya.

Yanzu ko aron littafi na yi, kafin in karanta layi ɗaya sai na ɗauki hoton wannan shafin da waya, in duba ko akwai wata shekara a saman wadda idona ya fara kaiwa. Ƙanwata da ke aji huɗu ta kawo mini nata kundin jiya, na tsallake komai na nufi manazarta. Ta ce, "Yaya, ba za ki karanta gabatarwar ba?" Na ce ta fara kawo mini littattafan tukuna.