Ranar da na koyar da yadda rana ke samar da wutarta

Zangon da ya wuce na koyar da 'yan aji shida na sakandare darasin makamashin nukiliya. Da jin sunan, hankalinsu ya tafi kan bom da yuraniyam ɗin Arlit. Na ce musu wancan fasa babbar ƙwayar zarra ake yi, namu na yau kuwa haɗa ƙanana ne, abin da rana ke yi tun da aka halicce ta.

Na raba musu maganaɗisu, na ce su haɗa bakunan da ke ture juna. Suka matsa, suka matsa, abu ya ƙi. Cibiyoyin ƙwayoyin zarrar haidurojin haka suke, cajinsu iri ɗaya ne, suna tunkuɗe juna, ba sa haɗewa sai sun yi karo da gudu mai tsanani. Zafi ne ke ba su wannan gudun. A tsakiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, ga nauyinta yana matse komai. Mu a doron ƙasa ba mu da wannan matsin, don haka sai an haura digiri miliyan 100. A nan ne diyuteriyam da tiritiyam, nau'o'i biyu na haidurojin, ke haɗewa su haifar da hiliyam da niyutiron, wani ɗan ƙwaya marar caji. Nauyin abin da ya fito yakan ɗan gaza na abin da ya shiga, wannan ɗan giɓin ne ke zama makamashi, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, to a cikin me za a zuba abu mai wannan zafin?" Tambayar da ta sha kan masana ke nan shekara da shekaru. Na zana musu tokamak, na'ura mai siffar zobe da masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro a shekarun 1950, inda ƙarfin maganaɗisu ke riƙe iskar haidurojin mai tsananin zafin a tsakiya kada ta taɓa bango. Irinta ake ginawa a Cadarache da ke kudancin Faransa, aikin ITER, da burin a saka megawat 50 na zafi a samu 500.

Babban abin da na koya shi ne yara sun fi gamsuwa idan aka ba su lissafi cikakke. Na rubuta lambobin wani gwajin haɗa haidurojin da aka yi da hasken lesa, ba da tokamak ba, a Kalifoniya cikin Disamban 2022: makamashin lesa megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne) ya shiga, 3.15 ya fito. Aji ya ɗauki tafi. Sai na ƙara lamba ta uku, wajen megajul 300 na lantarkin da na'urorin lesa 192 suka sha kafin su harba. Suka yi tsit, daga nan kuma tambayoyi na gaske suka fara fitowa.

Ina son wannan fasaha ƙwarai. Diyuteriyam na nan jibge a ruwan teku, ba hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma da yanayin cikin na'urar ya ɗan lalace wutar kanta take mutuwa. Amma tiritiyam ƙaranci gare shi, sai an samar da shi daga litiyam, kuma har yau babu tashar da ke ba jama'a lantarki ta wannan hanya. Da suka tambaye ni yaushe, na faɗa musu abin da ke rubuce: ITER ta ɗage gwajin diyuteriyam da tiritiyam zuwa 2039, kuma ko shi ba lantarki zai samar ba.