Na je gidan Lissadell, gidan da rigimar hanyarsa ta kai Kotun Ƙoli

Shekaranjiya na dawo daga Sligo, wani gari a arewa maso yammacin Ailan, har yanzu takalmina bai gama bushewa ba. Yaya ne ya matsa, wai ba zan zo Ailan in ƙare hutuna a Dublin ina zaga shaguna ba, shi kuma aiki ya riƙe shi, sai ya yankar min tikitin jirgin ƙasa daga tashar Connolly ya ce "je ka ga Lissadell ka dawo ka ba ni labari." Tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna, hanya ba komai sai ciyawa da tumaki.

Mai tasin da na samu a Sligo ne ya fara ɓata min rai. Na ce ya ɗan yi min ragi, mutumin nan ko kallona bai yi ba, ya buga yatsa a kan mita ya yi tsaki. A gida ko direba ba zai rage ba ai zai ce "yi haƙuri Alhaji, mai ya yi tsada", ku rabu da fara'a. Na biya, kuɗin da na juya shi zuwa naira sai da gabana ya faɗi.

Gidan daga waje ba shi da wani ado, dutse ne ruwan toka, murabba'i, kamar tsohuwar sakatariya. Amma wajen da aka dasa shi, subhanallah! Gabansa ruwan gaɓar Drumcliff, bayansa dutsen Benbulben mai kai shimfiɗe kamar an yanke da wuƙa. Sir Robert Gore-Booth ne ya gina shi tsakanin 1830 da 1835, wani Bature ɗan Ingila Francis Goodwin ya zana, a lokacin dangin suna riƙe da ƙasa wajen eka dubu 32, talakawa suna noma suna biyansu haya.

Abu biyu suka tsaya min a rai. Na farko hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa wa barori, ta nan suke shigo da kaya don kada mai gida ya leƙo taga ya gansu. Na tsaya a bakinta, sanyi da warin danshi suna fitowa, na tuna zauren gidan kakanmu inda mai kawo itace yake zama a ci tuwo da shi. Na biyu kuma ɗakin cin abinci, inda surukin gidan Casimir Markievicz ya zana hotunan ma'aikata a jikin bango, tsayinsu ya fi na mutum, har da shugaban barori da mai gadin daji da kare. Mutanen da aka ɓoye a rami su ne yanzu a tsaye a kan masu cin abinci.

Matar Casimir ɗin ita ce Constance, 'yar gidan, wadda ta bar wannan daula ta ɗauki bindiga a boren 1916 a kan mulkin Birtaniya. An yanke mata hukuncin kisa aka sassauta saboda mace ce, a 1918 ta zama mace ta farko da aka zaɓa majalisar Birtaniya ta ƙi zuwa ta zauna, ta yi ministar ƙwadago, ta rasu a 1927 a ɗakin marasa galihu na wani asibiti a Dublin. Gaskiya matar nan ta burge ni ƙwarai.

Ina fitowa ruwa ya ɓalle, ba tasi ba bas. Wani dattijo manomi ya tsaya da tsohuwar motarsa ya ce in shigo, bai tsaya nan ba sai da ya kai ni gidansa, matarsa ta kawo shayi da burodin da ta gasa da man shanu, na fito da kuɗi ya ɓata fuska kamar na zage shi. Shi ne ya ba ni ɗaya ɓangaren labarin. A cikin gidan an gaya mana Sir Robert ya ci bashi ya ciyar da mutane lokacin babbar yunwar da ta afka wa Ailan a shekarun 1840 da dankali ya lalace, dattijon ya ce haka ne, amma a 1847 Sir Robert ɗin ya loda mutum wajen 1,500 a jiragen ruwa zuwa Kanada, kuma cikinsu akwai dangin shi dattijon, wasu na cewa taimako ne shi kuwa ya ce share gona ne. Yana faɗa yana buga cokali a kofi.

Sai maganar sayarwa. A 2003 magajin ƙarshe ya sa gidan a kasuwa, gwamnati ba ta saya ba, wasu lauyoyi biyu miji da mata suka saya suka gyara. Daga nan rigima ta tashi da ƙaramar hukumar Sligo kan ko jama'a na da haƙƙin bin hanyoyin cikin gonar zuwa bakin ruwa, sak rigimar burtali a wajenmu. Aka rufe gidan a 2009, babbar kotu ta ba hukuma gaskiya a 2010, Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a 2013, aka sake buɗewa a 2014. Dattijon har yanzu yana jin haushi, tun yana yaro ta nan yake bi. Ni na fahimce shi, amma wallahi na gwammace haka da abin da ya faru da gidan kakanmu, ana raba gado aka sayar, cikin wata biyu aka rushe zauren aka jera shaguna, ko hoto ɗaya ba mu da shi.

Ya sauke ni a tasha da yamma. Na yi sallolina a wani lungu, na kama jirgin ƙarshe, Yaya ya tarbe ni a Connolly da shinkafa da miya a kula.