Kafin ka sake saka kati: yadda ake zaɓen tsarin kira da data daidai da buƙata

Tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, koken jama'a ya zama ɗaya: kati ba ya auki, data kuma kamar ana zuƙe ta. Ƙarin farashin gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma wani kaso mai yawa na kuɗin da ke salwanta yana tafiya ne saboda mutum yana kan tsarin da ba nasa ba. Mai yawan kira yana zaune a tsarin da aka yi don masu hawa intanet. Wanda WhatsApp kaɗai yake buɗewa yana sayen data mai yawa, wa'adinta ya cika bai ci rabinta ba. Wannan ɓarnar ana iya tsayar da ita, kuma ba ta buƙatar ilimin kwamfuta.

Abu na farko ba farashi ba ne, sabis ne. Layin da ba ya kamawa a ɗakinka ko a shagonka ya fi kowane layi tsada, ko da kyauta ake raba datarsa. MTN da Airtel da Glo da 9mobile, wanda yanzu ake kira T2, kowannensu yana da unguwannin da yake da ƙarfi da waɗanda yake rarrafe, kuma abin yakan bambanta ko a cikin gari ɗaya. Kada ka yi hukunci da sandunan da ke saman fuskar waya kawai, don sukan cika alhali shafi ya ƙi buɗewa. Ka nemi maƙwabci ko abokin aiki mai wani layin daban, ku gwada buɗe bidiyo ɗaya a wuri ɗaya, musamman tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa yake kan waya kuma turakun sadarwa suke ɗauke da nauyi. Layin da ya yi aiki a wannan lokacin shi ne abin dogaro.

Sai ka auna kanka

Galibin mutane ba su san nawa suke ci a wata ba, kintace kawai suke yi. Wayar da ke hannunka kuwa tana riƙe da lissafin. A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, shiga Settings, nemi sashen da ya shafi sim da intanet, sannan Data usage. Za ka ga jimillar abin da ka ci a kwana 30, da jerin manhajoji daga wadda ta fi ci zuwa ƙasa. Rubuta jimillar, ka rubuta manhajoji uku na sama. Daga nan ka buɗe jerin kiran da ka yi na mako guda, ka tara mintunan waɗanda kai ka kira, ka ninka sau huɗu. Da waɗannan lambobi biyu, giga nawa (giga ɗaya, wato 1GB, kusan 1,000MB ce) da minti nawa, za ka je kasuwa.

Yana da kyau a san abin da ke cin data, don a nan ake yawan zargin kamfani a kan abin da wayar ce ta aikata. Saƙon rubutu a WhatsApp kusan ba ya cin komai. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin MB ba. Kiran murya ta WhatsApp na awa guda yana tsayawa a wajen 30MB, haka ma sauraron rediyo ta intanet. Bidiyo ne mai cinyewa. Awa ɗaya a YouTube a matakin ingancin hoto na 480p tana ɗaukar kusan rabin giga, a 720p kuma takan kai giga ɗaya ko ta wuce. TikTok da gajerun bidiyon Facebook da Instagram sun fi haɗari, saboda suna sauke bidiyon gaba tun kafin ka iso gare shi, ko ka kalla ko ka wuce. Wanda ke kallon awa ɗaya kullum a 480p yana buƙatar kimanin 15GB a wata don wannan kaɗai. Wanda harkarsa saƙonni ce da 'yan hotuna da tura kuɗi ta manhajar banki, 2GB takan kai shi wata.

Akwai wani abu da ke ruɗa waɗanda suka sauya daga 3G zuwa 4G ko 5G. Sukan ce sabon sim ɗin ɓarawo ne. Abin da ke faruwa shi ne, manhajojin bidiyo suna ɗaga ingancin hoto da kansu idan suka ga sabis yana gudu, sai bidiyon da a da yake zuwa a 360p ya koma 1080p, cinsa ya ninka sau da yawa. Maganinsa ka saita ingancin da hannunka. A fuskar waya, 480p ya isa a ga komai sarai.

Lissafin data

Danna *312# a kowane layi, jerin tsare-tsaren data zai fito. Tun 2023 NCC ta haɗe lambobin duk kamfanonin suka zama iri ɗaya: *310# duba kati, *311* da lambobin kati sannan # don sakawa, *323# duba ragowar data. Farashi yana canzawa, don haka abin da wannan jerin ya nuna maka a yau shi ne hujja, ba abin da wani ya faɗa maka bara ba.

Kowane tsari ka gani, yi masa tambaya biyu. Nawa giga ɗaya ta kama a cikinsa? Kuma zan iya cinye shi kafin wa'adinsa? Ta farko rabawa ce kawai: kuɗin a raba da yawan gigar. A ce 100MB naira 100 ce. Giga ɗaya ta kama wajen naira 1,000 ke nan. A ce kuma akwai 10GB ta wata a naira 4,500. Giga ta kama 450. Ƙananan tsare-tsaren nan na naira ɗari ko ɗari biyu su ne mafi tsada a duk jerin, kuma abin takaici masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi sayensu, kamar mai awon gwangwani da yake biyan fiye da mai sayen mudu. Idan da hali, a tara kuɗin kwana bakwai a sayi ta mako.

Tambaya ta biyu ita ce ke kama masu wayo. Tsare-tsaren kwana ɗaya ko biyu masu giga da yawa sukan fi na wata araha idan aka raba, shi ya sa suke jan hankali. To amma idan ka sayi 2GB ta kwana biyu ka ci 700MB kawai, ba farashin 2GB ka biya ba, ka sayi 700MB ne da tsada. Sannan mai sayen ta naira 500 kullum yana kashe 15,000 a wata ba tare da ya ji fitarsu ba. A ganina irin waɗannan sun dace ne da ranar da kake da babban aiki, kamar sauke darussa ko sabunta waya ko taro ta bidiyo. Amfanin yau da kullum a bar shi a kan ta wata wadda ta ɗara abin da ka auna da kaɗan.

A karanta ƙananan bayanai ma. Wani tsarin za a rubuta 5GB, amma 2GB daga ciki ta dare ce, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, ko kuma ta YouTube kaɗai. Idan ba ka raya dare, tsarin 3GB ka saya, a haka za ka yi masa lissafi. Ɗalibi kuwa da zai iya jera abubuwan saukewa ya bar waya tana aiki yana barci, datar dare ita ce mafi araha gare shi. Haka tsare-tsaren da aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook: suna da sauƙi, sai dai da ka taɓa wani adireshi da zai fitar da kai daga manhajar, an koma cin babbar datarka ko katinka. Ragowar data kuma kamfanoni sukan ɗora ta a kan sabuwa idan ka sabunta irin tsarin kafin wa'adi ya cika, don haka ka riƙe ranar.

Masu sayar da data a unguwa da ta intanet sukan fi kamfani sauƙi, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Fara da kaɗan, ka duba da *323# ka tabbatar abin da aka turo ya cika kuma wa'adinsa daidai ne, sannan ka ƙara. Duk wanda ya nemi lambar sirrin bankinka ko lambar da aka turo maka ta tes don ya saka maka data, ba mai sayar da data ba ne.

Kira da garaɓasa

Ana lissafin kira da kwabo a kowane sakan, tsarin da Glo ya shigo da shi a 2003. Don ka san kuɗin minti, ninka kwabon sau 60 ka raba da 100. Kwabo 23 a sakan ya zama naira 13.80 a minti. Kwabo 40 ya zama naira 24. Tsare-tsaren da ke ba da garaɓasa mai yawa, a ce ka saka ɗari a ba ka ɗari huɗu, galibi su ne masu tsadar sakan, kuma garaɓasar ana cinta da farashi mafi tsada, tana kuma mutuwa cikin 'yan kwanaki. Hanyar gane gaskiya ita ce ka mayar da komai minti: naira 500 a wannan tsarin minti nawa za ta ba ni, har da garaɓasar da zan iya cinyewa kafin ta ƙare? A wancan fa? Wasu tsare-tsaren kuma suna cajin mintin farko na yini da tsada sannan su sauko. Irin wannan ya dace da ɗan kasuwa mai dogayen kira kullum, amma yana cutar mai kira ɗaya gajere a rana.

Idan waɗanda ka fi kira suna da babbar waya, kiran WhatsApp ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: awa guda a naira 13.80 ta kama 828, alhali 30MB ba ta kai naira 20 ba a tsarin da giga take 450. Kati sai a ajiye shi don iyaye da 'yan uwa na ƙauye masu ƙaramar waya, da lokacin da intanet ta ɗauke. Mai sana'ar POS kuwa datar da yake ci kaɗan ce ƙwarai. Abin da yake buƙata layi biyu na kamfanoni daban, don idan ɗaya ya faɗi kada ciniki ya tsaya.

Ramukan da kuɗi ke zurarewa

Kafin ka ƙara kuɗin data, toshe waɗannan. A WhatsApp, shiga Settings, Storage and data, ka cire saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye. Duk wanda ke cikin zaurukan dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai zai ga bambanci a makon farko. A Play Store ka mayar da sabunta manhajoji sai an samu Wi-Fi. Kunna Data Saver na wayar don hana manhajoji aiki a ɓoye. Idan kana ba kwamfuta intanet daga wayarka, saita haɗin a Windows a matsayin Metered connection, in ba haka ba sabuntawa ɗaya tana iya cinye giga da yawa cikin minti kaɗan.

Idan kati yana raguwa ba ka yi kira ba, yawanci akwai wani abu da aka yi maka rajista, kiɗan kira ko saƙonnin wasanni ko makamantansu. Danna *305# ka gani ka soke. Tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla. Idan data ta ƙare kuma akwai kati a layin, kashe data nan take, don cin intanet kai tsaye daga kati ya fi kowane tsari tsada. Rancen kati ta *303# a bar shi sai dole: an saba cire kusan kashi 15 tun a farko, ka ranci ɗari a ba ka 85, ka biya ɗari. Harkar banki ta lambobin da ake dannawa ita ma tana da caji na naira 6.98 a kowane shiga, wanda daga 2025 aka koma cirewa daga kati. Mai tura kuɗi sau da yawa a rana manhajar banki ta fi masa.

Mazauna bakin iyaka, irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba, su kula da wani abu na daban. Waya takan kama sabis ɗin Nijar da kanta, sai a riƙa cajinka kuɗin wanda ya fita ƙasa kana zaune a gida. A saita zaɓen sabis da hannu a maƙale shi a kan kamfanin layinka, a kuma kashe Data roaming.

Idan lissafi ya nuna wani kamfanin ya fi maka, ba sai ka rabu da lambarka ba. Tun 2013 ana iya ƙaura da lamba: ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka da lambar NIN, ka cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232, a ba ka sabon sim. Cinye kati da datar da ke kai tukuna, don ba sa bin ka, kuma ka biya duk rancen da ke kanka. Idan kuma layi biyu za ka riƙe, ɗaya na kira ɗaya na data, kada ka yi watsi da wanda ke haɗe da asusun bankinka. Layin da ya yi kimanin wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Saka masa ko da naira ɗari ne ka yi kira da shi duk wata.

Duk cajin da ba ka gane ba, kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta kowane layi, ka nemi a ba ka lambar ƙorafinka ka rubuta ta tare da rana. Idan ba a warware ba, kira 622, layin NCC na kyauta, za su tambaye ka wannan lambar kafin su bi maka kadi.