Ajin Asabar da Lahadi: Abin da Na Koya Kafin In Bar Shi

Na miƙa takardar ajiye koyarwa a shirin ƙarshen mako na kwalejinmu ta kimiyya da fasaha, kuma tun da labarin ya bazu abokan aiki ke ta tambayata dalili. Wasu sun ɗauka alawus ne. Alawus dai kowa ya san halinsa, sai zango ya ƙare an shiga wani kafin a ga ƙeyarsa, amma ba shi ya kore ni ba.

Duk wanda ya taɓa koyarwa a shirin nan ya san su wane ne ɗalibansa. Kashiyoyi da akawunan ƙananan hukumomi, masu kula da sito a asibitoci, masu haɗa albashi a ma'aikatu, da 'yan kasuwa ƙalilan. Da yawansu sun girme ni. Sun zo neman babbar difloma a fannin akanta saboda an daɗe ana tsallake su wajen ƙarin girma, alhali sun san ita ma takardar tana da iyaka. Mai babbar difloma a aikin gwamnati bisa al'ada a mataki na 14 yake tsayawa, ƙudirin da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 don kawar da bambanci tsakaninta da digiri kuma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Duk da haka mutum zai baro garinsu bayan sallar asuba, ya biya kuɗin motar da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023, ya bar ɗaurin aure da suna da aikin gona, ya zo ya zauna a benci. Mai yin wannan ba malalaci ba ne. In ka gan shi yana gyangyaɗi, to a fara bincikar abin da ake karanta masa.

Kwas ɗina shi ne lissafin kuɗin gwamnati. Handawut ɗin da na tarar ana sayarwa an rubuta shi tun zamanin da kowace ma'aikata ke da asusunta barkatai a bankuna. Babu maganar asusun bai-ɗaya na TSA da gwamnatin tarayya ta tilasta a 2015, babu maganar tsarin IPSAS, wato ƙa'idojin akantar gwamnati na ƙasa da ƙasa, da aka ce a koma kansa gaba ɗaya daga 2016. Su kuwa ɗaliban da waɗannan abubuwa suke kwana suke tashi a ofis.

Ranar da ajin ya farka, ina koyar da yadda ake daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin banki. Na rubuta misali a allo, lissafi ya fita tsaf, hagu da dama sun yi daidai. Sai wani dattijo da ke zama a baya, kashiya ne a wata ƙaramar hukuma, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a wurinmu ba ya fitowa haka.” Na ce, “Baba, bisimilla, ga allo.” Ya taso yana gyara hula, ya karɓi alƙalamin rubutu a allo, hannunsa na ɗan rawa. Ya nuna mana albashin ma'aikatan da banki ya dawo da shi saboda kuskuren lambar asusu, kuɗin na zaune a banki amma littafi ya nuna an biya. Ya nuna cajin da banki ke cira ba wanda ya sani sai ƙarshen wata. Ya nuna kuɗin haraji da wani ya zuba ba suna ba bayani, an rasa a wane kai za a rubuta shi. Kafin ya gama, wata Hajiya daga ofishin albashi ta ce ita ba haka take bi da kuɗin da aka dawo da su ba, wani odita ya ce dukkansu biyu zai iya ba su takardar tuhuma. Musu ya kaure. Lokaci ya cika, malamin da ke biye da ni yana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya motsa.

Daga nan na sauya tsari. Kowane mako mutum ɗaya zai kawo matsala daga teburinsa: bauca, wato takardar biyan kuɗi, da aka ƙi biya, littafin kasafi da ya ƙi daidaita, kayan sito da suka ɓace a takarda. Sharaɗi shi ne a rufe sunaye da sa hannu, a canza alƙaluma. Su tattauna, ni kuma in ɗaure zancen da abin da ƙa'idojin kuɗi suka ce da yadda za a tambaye shi a jarrabawa. Muka riƙa tara waɗannan misalai a fayil ɗaya, kowanne da warwararsa. Bayanan lakca kuwa na riƙa turawa kyauta a zauren WhatsApp na ajin. Dokar halartar kashi 75 na lakcoci ta daina zama abin faɗa, sa wa juna hannu a rajista ya ragu da kansa, domin wanda bai zo ba, shi ya yi asara.

A nan matsalata da shugaban shirin ta fara. Kowa a sashen ya san yadda harkar handawut take: shugaban aji na riƙe da jerin waɗanda suka saya, jerin kuma yana da alaƙa da makin gwaji, kuma akwai kason da ke hawa sama. Da ajina ya daina saye, sai 'yan wasu azuzuwan suka fara tambayar me ya sa su dole ne. Shugaban shirin ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Ya ce, “Malam, mutanen nan takarda suka zo nema. Ka ba su abin da za su haddace su wuce, ka daina ɓata mana tsari.” Na ce, “Ranka ya daɗe, takarda suka zo nema, gaskiya ne, amma ranar Litinin za su koma kan kuɗin jama'a.” Ya ce na cika kafiya.

Mako bai zagayo ba sai ga takardar tuhuma, an aika kwafinta sama. Laifi biyu aka ɗora mini: kauce wa manhajar da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta shimfiɗa, da fallasa takardun gwamnati a aji. Kwamiti ya zauna, ya duba fayil ɗin kwas, ya ga babu babin da na tsallake, ya ga babu takarda ko ɗaya mai ɗauke da sunan wani. Aka wanke ni da baki. A rubuce kuwa ba a ba ni komai ba, takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗina. Zango na gaba aka ba wani kwas ɗin, aka dawo da tsohon handawut da sabon bango, ni kuma aka jefa ni ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, lokacin da duk mai tafiya nesa ya riga ya nufi tasha.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da tawagar tantance kwasa-kwasai ta zo. Na shiga ɗakin da aka baje takardun sashe, sai ga fayil ɗin misalan ɗalibaina a kan tebur, an yi masa sabuwar riga, an cire shafin farko mai sunana. Mutumin da ya tuhume ni a kansa shi ne yake buɗe wa baƙi shafukan yana bayanin yadda sashensa ke haɗa karatu da aiki. Rubutun hannun Baba kashiya na nan a ciki. Na tsaya na ji baƙin suna yaba masa.

Ga wanda za a ba irin wannan aji, abin da zan iya cewa kaɗan ne. Ranar farko ka tambayi kowa inda yake aiki da abin da ya fi ba shi wahala a can, ka rubuta, domin rabin darasinka na zangon yana cikin amsoshin. Kada ka kunyata dattijo a gaban 'ya'yan cikinsa. In ya yi kuskure ka ce a sake dubawa tare. Kada ka ba da aikin gida a makon haɗa albashi. Ka tsaya in an kira salla, ka kuma faɗi ƙarfe nawa za a dawo. Mace ta zo da goyo, a bar ta ta zauna kusa da ƙofa. Mai tsoron kwamfuta ka haɗa shi da matashin ajin, ka ba su jadawalin albashi su shigar a Excel, kunya za ta fita cikin zama biyu. Labarin da ya shafi aikinsu darasi ne: hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ba mu muhawarar da ta koyar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi fiye da yadda kowane littafi zai yi.

Sannan duk abin da ka haɗa da ɗalibanka, ka sa sunanka da nasu a kowane shafi, ka ajiye kwafi a gida. Duk umarnin da shugaba ya ba ka da baki, ka nemi ya rubuta. Na rubuta wa ofishin shirin ina neman a dawo mini da fayil ɗin, ko aƙalla a mayar da sunayen waɗanda suka yi aikin. An karɓi takardar, an buga mata hatimi, har yau ba amsa.